Jakar da Ba ta Sayarwa Ba Ce

A Kudenda, kamar sauran unguwannin kudancin Kaduna, idan mace ta shiga Keke Napep rataye da 'yar jakar atamfa wadda ba irin ta kasuwa ba, ba a rasa mai tankawa. "Anti, don Allah a ina kika sayi wannan?" Sai ta ce ai ita ta ɗinka da hannunta. Tambaya ta biyu ba ta canzawa: "To nawa kike sayarwa?" In ta ce ba ta sayarwa ba ce, don kanta ta yi, kuma ba za ta sake wata ba sai ranar da ta ji marmari, sai a dube ta da mamaki haɗe da tausayi. Wata ta ce, "Haba Anti, ga kuɗi a hannunki kina wasa da su." Wata kuma ta ba ta shawarar ta ɗauki hoto ta ɗora a WhatsApp, ko Allah zai kawo masu saye.

Masu wannan shawara alheri suke nufi, kuma a halin da ake ciki ba mai ganin laifinsu. Amma a ƙarƙashin shawarar akwai tunanin da ya yi mana kanta, cewa allura da zare kayan neman abinci ne kawai, duk wanda ya riƙe su ko tela ne ko ɗan koyo. Ma'aikaciyar asibitin da ta taso daga aiki ta zauna da dare tana haɗa 'yan ƙyallaye, da malamin makarantar da ya ɗinka wa tabaransa gida ranar Asabar, ba su da gurbi a wannan lissafi. Ra'ayin wannan shafi shi ne suna da gurbi, babba ma kuwa, musamman a unguwar da ta tashi a inuwar masaƙu, ta kuma ga mutuwarsu da idonta.

Ba a rana ɗaya aka kai ga raina ɗinkin sha'awa ba. Duk kakar zaɓe sai an ga kekunan ɗinki jere a fili, mata sun yi anko, ana rabon tallafi. Cibiyoyin koyar da sana'a, na gwamnati da na coci da na ƙungiyoyin Musulunci, manufarsu ɗaya ce: wata shida ko shekara, a yaye ki, a ba ki takarda, ki nemi shago. Wannan abu ne mai kyau, gidaje da yawa da keke suke ci suke sha, suke biyan kuɗin makaranta. Illarsa guda ita ce ya mayar da ɗinki tambarin wanda bai samu aikin albashi ba. Yarinyar da ta gama jami'a in ta ɗauki allura sai a ce Allah ya kawo aiki. Ranar da aikin ya zo kuwa sai ta jefa allurar a ƙasan akwati, maɓalli ya cire a rigar ɗanta ta tsaya jiran mai ɗinkin tafi-da-gidanka ya wuce yana kaɗa almakashi.

Daga Kudenda zuwa Kakuri ba nisa, kuma a Kakuri ne tarihin manyan masaƙun zamani na Arewa ya fara. A 1957 masaƙar Kaduna Textiles Limited, wadda kowa ya fi sani da KTL, ta fara aiki, haɗin gwiwa tsakanin gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna Ahmadu Bello da kamfanin David Whitehead and Sons na yankin Lancashire a Ingila. Audugar Funtuwa da Gusau da Malumfashi, wadda a da ake ɗaurewa a loda a jirgin ƙasa zuwa teku, ta samu inda za a kaɗa ta a saƙa ta a gida. Nortex ta biyo baya a 1962. A 1964 aka kafa United Nigerian Textiles, wato UNTL, da jarin 'yan kasuwar Hong Kong, sannan ga Arewa Textiles da hannun Japanawa a ciki. Kafin shekarun 1980 masaƙu sun zama kan gaba wajen ɗaukar ma'aikata a duk masana'antun Najeriya, Kaduna kuwa ita ce cibiyarsu. Mutane suka yi ta kwararowa daga Kafanchan da Zonkwa, daga Filato da Binuwai, daga Kano da Katsina, daga kudancin ƙasar ma, suka cika Kakuri da Makera da Nasarawa da Tirkaniya da Kudenda, suka tarar da Gbagyi masu ƙasa, Hausa ta zama harshen da kowa ke ciniki da shi. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da teloli ta ƙasa a Kaduna ta kafa hedkwatarta, a nan gefen Nasarawa. Daga Arewa Textiles Adams Oshiomhole ya taso, ya zama babban sakataren ƙungiyar a 1982, shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa a 1999, daga baya gwamnan Edo.

Yadda abin ya rushe ba ɓoyayye ba ne. Rashin wuta, tsadar baƙin mai, injinan da suka tsufa ba a sabunta ba, faɗuwar darajar naira tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, sai kuma atamfar Sin da ta yi ta shigowa ta kan iyakar Nijar har ta mamaye Kantin Kwari. KTL ta rufe a 2002. Arewa Textiles ta bi ta bayan 'yan shekaru. UNTL ta dakatar da aiki a 2007, ko da yake an sake buɗe wani sashe nata daga baya. Farfesa Elisha Renne ta Jami'ar Michigan a Amurka, wadda ta daɗe tana bincike kan tufafi a Arewa, ta bi diddigin ma'aikatan KTL da suka rasu ba a biya su haƙƙinsu na sallama ba, da halin da matansu da 'ya'yansu suka shiga. Da yawa daga cikin waɗannan iyalai har gobe suna nan a unguwannin da ke kewaye da katangun masaƙun.

Akwai wani ɓangare na wannan asara da ba a cika faɗa ba. Ilimin da ke cikin masaƙa ilimi ne rarrabe. Wani a sashen kaɗi ya yi shekara 20, wani a sashen saƙa, wani a rini da buga zane, kowa gwani ne a kan injin da ke gabansa. Ranar da aka garƙame ƙofa, gwanintar ta zauna a ciki tare da injin, mutumin ya fito hannu rabbana. Wanda ya san sirrin injin saƙa ba shi da inda zai kai wannan sani sai wata masaƙar, ita ma ga ta a rufe. Shi ya sa da yawa suka koma acaba da gadi da noman bakin kogi. Ilimin allura ba haka yake ba. Yana zaune a yatsun mai shi, ba ya bukatar jari daga Hong Kong, ba ya jiran wuta. Mutanen Kudenda sun fi kowa sanin ma'anar jiran wuta, tunda a unguwarsu aka dasa tashar lantarki mai megawat 215 wadda aka ba da kwangilarta a 2009, aka kuma haura shekara 10 ba ta fara ba da abin da aka yi alkawari ba. Allurar hannu da keken Butterfly na ƙafa ba ruwansu da wannan.

Jakar da ake magana a kanta ba wata aba ce mai wuya ba. Ƙyallen atamfa biyu, kowanne inci 10 a faɗi da inci 8 a tsayi, sun isa jakar da za ta ɗauki waya da makulli da 'yan canji. Ana bukatar wasu biyu daidai da su don shafi, wato na ciki, kuma tsohuwar rigar makaranta ko gefen zanin gadon da tsakiyarsa ta mutu sun wadatar. Sai zif mai tsawon bakin jakar, da allura da zare da almakashi. Wanda ba shi da allin tela, guntun sabulun da ya sirance yana ja layi tsaf a kan yadi mai duhu, wanki ɗaya kuma ya goge shi.

In atamfar sabuwa ce sai an wanke ta tukuna. Tana zuwa da ƙamƙam ɗin da ke ruɗin mai yanka, wata kuma tana zuba, ranar da ruwan sama ya taɓa jakar sai ta rine farar riga. Bayan wanki a bi ta da dutsen guga. Wajen yanka a daidaita da gefen atamfar, inda ake buga sunan masaƙa, domin yadin da aka yanka a karkace miƙewa yake yi, jakar ta riƙa zumɓurowa gefe guda. Wannan gefen mai rubutu teloli sukan yar da shi, amma ya cancanci a duba. A akwatunan iyaye mata na Kakuri da Kudenda akwai tsofaffin zannuwan da gefensu ke ɗauke da shaidar cewa a Najeriya aka buga su, tun kafin atamfar Hitarget ta Sin ta cika kasuwa. Wadda ta yanki irin wannan zani na mahaifiyarta, ta bar rubutun a cikin shafin jakarta, ta adana abin da ba za a sake bugawa ba.

Zif ne inda sabon hannu ke karaya. Dabarar ita ce a sa shi tsakanin atamfa da shafi, fuskar atamfar na kallon fuskar zif ɗin, a fara kama su da dogon ɗinki na wucin gadi da zare mai wani launi dabam, sannan a bi da ɗinki na gaske, a zare na wucin gadin. Haka za a yi wa ɗaya gefen. Daga nan sai a zuge zif ɗin zuwa rabi, kuma wannan shi ne abin da ba a mantawa, don in an bar shi a rufe za a ɗinke jakar ruf a rasa ta inda za a juya ta. A haɗa atamfa da atamfa, shafi da shafi, a zagaye da ɗinki, a bar 'yar kafa kamar faɗin yatsu huɗu a gindin shafin. Ta wannan kafa ake zaro jakar gaba ɗaya. Minti ɗaya da ya wuce abin da ke hannu tarkace ne, duk zare a waje, gefuna na zarewa. Sai ga shi an juyo, ɗinki duk ya ɓuya a ciki, zanen atamfar ya fito, zif ya zauna a bakinsa. A tura kusurwoyi da gindin fensir, ba da tsinin almakashi ba, a rufe kafar da ƙananan ɗinki. Wanda ya taɓa yin wannan juyi ya san dalilin da ya sa ake komawa a yi ta biyu.

Rashin keke ba hujja ba ce. Ɗinkin hannu mai komawa baya, wanda allura ke yin gaba taki biyu ta dawo taki ɗaya, yana riƙe jaka ƙam in an yi shi ƙanana kuma a jere. Mai keke kuma ya kula da lambar allura: 14 ta isa atamfa, amma in za a yi gindin jakar da ƙafar tsohon wandon jins na gwanjo, sai 16 ko 18, in ba haka ba allura ta yi ta karyewa. Maratayi ana naɗe gefensa biyu zuwa tsakiya, a sake ninkawa ya zama ninki huɗu. Inda ya haɗu da jikin jaka, nan ne jakunkunan kasuwa masu arha ke fara tsinkewa, saboda layi ɗaya ake bi a wuce, ana sauri a cika dozin. Mai ɗinka wa kansa yana da sukunin yin ɗan murabba'i a wurin, ya ratsa shi da layi biyu a gicciye, ya sake bi.

Ƙyallen kuwa a wajen tela yake. "Malam, in akwai ƙyallayen da ba ka so, a tara mini." "Hajiya, ga buhu can, ɗebi son ranki." Wasu telolin suna sayar da buhun ga masu cusa matashin kai da katifa, wasu a bola yake ƙarewa ko a ƙone. A nan akwai abin lura: babban ragowa haƙƙin mai kaya ne, tela nagari yakan naɗe shi ya sa a ledar ɗinkin, abin da ya halatta a ɗiba shi ne ƙananan yanke-yanken da ba mai nema. A wannan buhu ake samun Holan da Sufa da Kodebuwa, da shadda da leshi, da ragowar ankon biki, da atamfar Zumuntar Mata mai tambarin coci. Jakar Littafi Mai Tsarki da wata za ta riƙe zuwa sujada ranar Lahadi, da jakar da yarinya za ta sa Alƙur'aninta zuwa Islamiyya, suna iya fitowa daga buhu ɗaya. A garin da rikicin 2000 da na 2002 suka raba mazauna, wasu suka ƙaura arewacin kogin Kaduna wasu kudu, shagon tela na cikin wuraren da kayan kowa ke haɗuwa har yanzu.

Jaka ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, kuma kowace da aikinta. Gafaka ta Alƙur'ani ce, zabira ta wanzami, burgami na matafiyi da maharbi, alabe da lalita na kuɗi, taiki da mangala na kayan da ake ɗora wa dabba, sanho kuma saƙa shi ake yi. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya isa Kano a 1851, ya ambaci takalma da zabira masu ado cikin kayan da ake yi a birnin, fatar jar akuyar Sakkwato kuwa ta daɗe tana ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Wannan aikin dukawa ne, sana'a ce ta gado mai unguwanninta. Amma a gefenta akwai ɗinkin da ba na kasuwa ba. Malamai da manyan almajirai sun saba zama a zaure suna ɗinkin hula ko aikin wuyan riga, hannu na aiki baki na tilawa ko hira, wata hular ma don kai ake yi ko don a ba wa aboki. Mata a cikin gida suna saƙa faifai da kwarashi, suna yi wa jariri hula da safa. Ba a taɓa ganin wannan a matsayin ɓata lokaci ba.

Misalin Zariya yana da amfani a nan, saboda masu cewa a mayar da komai kasuwanci sukan kawo irinsa. A 1994 aka kafa ƙungiyar mata masu ɗinkin hannu ta Queen Amina a cikin birnin Zazzau. Matan sun ɗauki zanen da ake yi wa babbar riga, irin su aska takwas, suka mayar da shi kan jakunkuna da rigunan matashin kai da tufafi, har kayansu suka kai kasuwar masu aikin hannu ta duniya da ake ci a Santa Fe a Amurka. Nasara ce ta gaske. Amma ba kasuwar ce ta koya musu ɗinki ba. Gwanintar tana nan a gidajensu tun kafin a yi tunanin ƙungiya, kasuwa ta zo ta tarar da ita ne. Unguwar da babu masu riƙe allura a gidajenta ba ta da inda za ta fitar da irin waɗannan mata, ko an kawo mata masu saye daga ko'ina.

Sau da yawa ma matsa wa mai ɗinkin sha'awa ta shiga kasuwa shi ke kashe ɗinkin. Jakar da ta ci dare uku ba ta da farashin da zai biya wahalarta, alhali a Kasuwar Barci ko kasuwar Monday ta Kakuri ga jakunkunan gwanjo tuli, ga na Sin masu ƙyalli a kan kuɗi kaɗan. Ta karɓi aikin mutum biyar, biyu suka ce sai ƙarshen wata, ɗaya ta ce launin bai yi mata ba, 'yar uwa ta ɗauki ɗaya ta ce ai mu ba ma saye. Abin da take yi don ta huta ya koma bin bashi da ba da haƙuri. Bayan wata biyu ta tattara kayan ta ajiye, tana ganin ta gaza, alhali ɗinkinta lafiya lau yake, cinikin da ba ta nema ba ne ya gaza. Wadda ta ga tana son sana'ar, hanya a buɗe take, Allah ya ba da sa'a. Wadda ba ta so a ƙyale ta da jakarta.

Akwai masu cewa wannan zancen masu ƙoshi ne. Macen da ta tashi tun asuba ta ɗora ƙosai, ta yi wanki, ta ɗebo ruwa, ina ta ga lokacin ɗinkin marmari? Gaskiya ne, kuma ba wanda ya isa ya ɗora mata wani nauyi a kan wanda take ɗauke da shi. Sai dai talaka bai taɓa rasa abin nishaɗinsa ba, daga dara a gindin bishiya zuwa kitso da lalle a tsakar gida, yanzu kuma waya ta zo ta haɗiye mafi yawan wannan lokaci, tana cin kuɗin data a kai. Cikin abubuwan da mutum zai iya yi da awa ɗaya ta hutu, kaɗan ne suka kai allura arha. Wani bincike da aka buga a Birtaniya a 2013, wanda ya tambayi masu saƙar hannu fiye da 3,500 a ƙasashe dabam-dabam, ya samu cewa waɗanda suka fi yawan saƙa sun fi ba da rahoton natsuwa da farin ciki. Binciken kan saƙa ne, kuma abin da mutane suka faɗa da bakinsu ya tattara, amma duk wanda ya ga tsohuwa na saƙar faifai ya san inda maganar ta dosa.

Wasu kuma tela suke ji wa, wai in kowa ya iya ɗinki abincinsa ya ƙare. Tela ba da 'yar jakar waya yake ci ba, da kayan Sallah da na Kirsimeti da na biki yake ci, kuma wadda ta yi fama da zif guda ta fi kowa sanin darajar wanda ke haɗa doguwar riga mai shafi a yini ɗaya. Ita ce ba za ta tsaya tana ja-in-ja a kan kuɗin ɗinki ba. Ita ce kuma za ta juya riga ta duba cikinta, ta gane aikin da aka kyautata da wanda aka yi wa ha'inci. Tela mai gaskiya riba yake ci da irin wannan mai kawo ɗinki.

Abin da jakar hannu ba za ta yi ba shi ne tayar da KTL. Wannan aikin wuta ne da auduga da tsaron kan iyaka da jari, kuma kada wani ya fake da 'yan ƙyallaye ya sauke wa gwamnati nauyin da ke kanta.

Sai batun leda. Duk wanda ya bi magudanun Nasarawa da Kudenda bayan ruwan farko ya ga abin da ke toshe su, kuma duk abin da ya wuce kogin Kaduna ya nufa. Mahauta sun san irin dunƙulen ledar da suke cirowa daga tumbin shanu da awaki. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017. Jamhuriyar Nijar ta yi tata dokar a 2014, amma wanda ya shiga kasuwar Maraɗi zai ga doka kaɗai ba ta raba mutane da leda matuƙar ba su da abin da za su riƙe a madadinta. Jihar Legas ta haramta robar zuba abinci ta soso a Janairun 2024, ta kuma fara aiwatar da haramcin wasu robobin da ake amfani da su sau ɗaya a Yulin 2025. Ko ba daɗe ko ba jima zancen zai iso Kaduna.

A nan ma sai an yi gaskiya. Jakar yadi ba ta fi leda ba don kawai yadi ce. Hukumar kula da muhalli ta Ingila ta fitar da rahoto a 2011 da ya nuna cewa jakar da aka yi da sabuwar auduga sai an yi amfani da ita sau 131 kafin ta rama hayaƙin da aka fitar wajen yin ta, in aka gwada da ledar kanti guda, saboda noman auduga da kaɗi da saƙa suna cin makamashi. Wannan lissafi bai hau kan jakar da aka yi da ƙyallen da dama bola za shi ba. Shi ya sa jakar mai ɗinkin sha'awa, wadda ta fito daga buhun tela ko tsohon zani, ta fi sababbin jakunkunan da kamfanoni ke bugawa da tambarinsu suna rabawa a taro. A Ingila wata mata mai suna Claire Morsman ta fara wani shiri a 2007, Morsbags, inda mutane ke taruwa su ɗinka jakunkunan cefane da tsofaffin labule da zannuwan gado, su raba kyauta. Ƙa'idarsu ita ce ba a sayarwa. A Ostareliya an fara makamancinsa, Boomerang Bags, a 2013. Masu ɗinka buhun shinkafa ya koma jakar bakko a kasuwanninmu sun riga su wannan tunani, sai dai ba wanda ya ba su suna.

Shekarar 2020 ta nuna amfanin allura a gida. Da korona ta shigo, Kaduna na cikin jihohin farko da suka kulle, tun a watan Maris, aka kuma wajabta sa takunkumi. Shaguna a rufe, kasuwanni a rufe. Gidan da ke da mai iya ninka ƙyalle biyu ta kama su da zare bai jira kowa ba, har maƙwabta suka samu.

Inda ya kamata a fara gyara shi ne makarantar firamare. Waɗanda suka yi karatu a shekarun baya suna tuna darasin aikin hannu, inda yaro ke zuwa da abin da ya yi da kansa a ba shi maki. A makarantu da yawa abin ya koma a sayo tsintsiya a kasuwa a kawo, ko a kawo kuɗi a madadinta, malami ya rubuta maki. Yaron da aka koya wa haka an koya masa cewa aikin hannu abin da ake biya a tsallake ne. Kuma ba darasin 'yan mata kaɗai ba ne. A ƙasar da manyan teloli da dukawa da masu aikin babbar riga maza ne, ba wani dalilin da zai sa yaro namiji ya gama aji shida bai iya zura zare a allura ba.

Jakar fensir ta isa aikin farko ga 'yan aji biyar: ƙyalle ɗaya a ninka biyu, a ɗinke gefe da gefe, a kalmashe baki a zura igiya, ba sai da zif ba. Darasi biyu ko uku sun isa a gama ta. Fakitin allura kaɗan da 'yan ƙullin zare za su wadaci aji guda, almakashi kuwa ya zauna a hannun malama. Ƙyalle ba sai an saya ba. Makonni biyu kafin ƙaramar Sallah da farkon Disamba, telolin Kakuri da Nasarawa da Kudenda kwana suke yi a kan keke, ƙyallaye na taruwa har su rasa wurin taka ƙafa. Shugaban makarantar da ya aika musu da buhu biyu a wannan lokaci ya samu kayan aikin zango guda.